Sarauniya a Ƙarƙashin Gadon Inna

"Shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyya, ban taɓa kuskuren gane ƙwaro ba," in ji Malam, yana ɗaga wata kwalba ga hasken taga.

Da hantsi aka ɗauke ruwan farko, tururuwa masu fiffike suka cika tsakar gida, ranar barbararsu ke nan. A gindin katanga ya tsinci wannan, baƙa, ƙatuwa, ba fiffike.

"Dubi kafaɗunta," ya ce wa matarsa. "Tabon fiffike ne. Ta sadu da namiji a sama, ta sauko ta karye su da kanta. Sabuwar sarauniya ce, ba ta da kowa. Ɗalibaina za su ga yadda ake kafa gida."

Matar ta leƙa. "Amarya da wannan tumbin? Malam, wannan ta sha haihuwa. Kuma da ka ɗauke ta na ga ƙanana sun watse."

"Ke kika karanta ko ni?"

"Kai."

Littafi ya ce sarauniya tana son duhu da shiru. Ɗaki ɗaya ne a gidan yake da duka biyun, na Inna mahaifiyarsa, wadda shanyewar jiki ta kwantar shekara biyu, ta kuma tafi da maganarta. Ya huda murfin, ya tura kwalbar ƙarƙashin gadonta, ya koma makaranta.

Matar tana shanya da rana tsaka ta ga layin tururuwa. Daga gindin katanga ya taso, faɗin yatsa uku, ya ƙetare bakin ƙofa, ya wuce kwanon sukari ko waiwaye babu, ya nufi ɗakin Inna. Wasu na ɗauke da fararen ƙwai. Ashe ruwa ne ya ci gidansu, ƙaura suke yi da uwarsu lokacin da kimiyya ta iso.

Ɗakin Inna tsit, sai wani sauti siriri kamar ana zuba yashi a kan takarda. Kwalbar ta yi baƙi ƙirin da tururuwa. Waɗanda suka rasa wuri sun hau gadon, sun shige cikin bargo inda ɗumi yake, suna jera ƙwansu a lanƙwasar hannun tsohuwar. Idanun Inna a buɗe. Ɗaya tana tafiya a kan leɓenta, a hankali.

Da hannu matar ta ɗauki kwalbar, ana cizonta, ta juye ta a gindin katanga. Layin ya tsaya cak, sannan ya juya gaba ɗaya.

Malam ya dawo da yamma. "Ina sarauniyata?"

"'Ya'yanta sun zo ɗaukarta."

"Kin ɓata min gwaji. Da kin bar ta mako guda, da mun tabbatar."

Ya wuce ɗakinsa neman biro. Matar ta kawo ruwan ɗumi da auduga, ta yaye bargon. Har cikin kunnen Inna wasu sun shiga.

"Sannu, Inna. Zan fara da kunnen."