Koren Butar Tagulla

A shekarar 1979 Bukari ya samu aiki a Zamalek, wata unguwa ta bakin kogi a birnin Larabawan da ya je karatu, a gidan Doktora Nawal, wata dattijuwa mai binciken tsofaffin tukwanen ƙasar Sin. Da safe yakan tafi darasin fiƙihu, da rana ya yi shara da goge-goge, ya kwana a ɗan ɗakin da ta ba shi a saman bene. In ya rasa ɗakin nan, sai dai ya koma Damagaram, alhali saura shekara biyu ya kammala karatu.

A falon akwai butoci biyu a bisa wani kanta, sifarsu ɗaya: dogon wuya mai tsini, da ɗan baki a kafaɗa. Ɗaya ta tagulla ce, ɗaya ta tangaran. Doktora ta gaya masa sun haura shekara dubu, kuma masu ibada a can ƙasar Sin a ciki suke zuba ruwan tsarki.

Maganar tsarkin nan ce ta tsaya masa a rai. Bukari ɗan maƙera ne, kuma a gidansu abin kunya ne a ga tagulla ta yi kore, balle buta. Wannan kuwa ta yi kore shar tun daga baki har gindi.

Ran Talata da Doktora ta fita, ya jiƙa tsamiya, ya kwaɓa ta da tokar da ya samo wurin mai gasa masara a bakin kogi. Ya zauna da butar tagullar ya fara gogewa daga wuya, yadda mahaifinsa ya koya masa. Ya goge kamar faɗin yatsa biyu ke nan sai ga ta ta dawo ɗaukar tabaranta.

"Ya Bukari! Me kake yi?"

"Wanke ta nake, Doktora. Ki ba ni awa guda, za ki ga fuskarki a jikinta."

"Ina da madubi! Koren nan shekara dubu ya yi yana taruwa, shi ne shaidar shekarunta!"

Bukari ya dubi hannunsa, ya dubi butar. Bai tsaya kame-kame ba.

"Na yi kuskure. A wurinmu datti ne, ban tambaya ba."

"Khalas, shi ke nan. Ka ba ni mabuɗin ɗakin ran Juma'a."

Ya ɗauraye wurin da ruwa, ya tsane shi, ya mayar da butar kusa da 'yar'uwarta. Nan idonsa ya tsaya a kan zoben da ke wuyan kowaccensu.

"Kafin in tafi, Doktora, maginin wannan ta tangaran ta tagullar ya kwaikwaya."

Ta juyo. Shekara da shekaru tana gardama da abokan aikinta a kan wadda ta riga wata.

"Wa ya gaya maka?"

"Ga shi nan inda na goge. Kin ga wannan siririn layi a ƙarƙashin zoben? Maƙeri wuya daban yake zubawa, ciki daban, sannan ya liƙe, ya sa zobe ya rufe mahaɗar. Haka muke yi har gobe. Shi kuwa magini, da jiƙaƙƙen yatsa yake shafe mahaɗarsa, zobe bai da aikin da zai yi masa. Gani ya yi, ya sa."

Doktora ta sa tabarau, ta sunkuya. Ta daɗe tana bin layin da ido, sannan ta jawo littafinta da alƙalami.

"Zauna, ya ibni, ɗana. Sake faɗa mini a hankali, tun daga zubin wuyan."

"Mabuɗin fa?"

"Riƙe abinka. Amma ragowar tsamiyar nan, jiƙa mana ita mu sha. Kada in sake ganinta a falo."