Rijiyar Ilham

Wata uku Ilham ta yi a ajin Madam Dibora, a lekwal, wato makarantar ƙananan yara da ke bakin Birni, ba wanda ya ji muryarta. Shekararta huɗu. In yaro ya taɓa allonta sai ta gartsa masa cizo, ta koma lungu ta takure.

Uwarta Wasila ta ce, "Madam, ita kaɗai gare ni. In zan tafi aiki nakan bar ta a ɗaki da waya, tsoron titi nake."

Dibora ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta sami shugaban makarantar, Mushe Mahamud.

"Mushe, ka ba ni awa ɗaya kullum in fitar da yaran ajina yashin bayan aji. Ba waƙa, ba ƙirga. Su yi abin da suka ga dama."

"Iyaye Faransanci suka kawo su koyo, Madam, ba birgima ba. Amma sati biyu na ba ki."

Kwana shida Ilham ba ta kula kowa ba. Gindin tsamiya ta zaɓa, tana tona rami da gwangwanin tumatir. Ran na bakwai ramin ya kai mata gwiwar hannu. 'Yan ajinsu Rashid da Albarka, waɗanda suka jera tsakuwa suka ce awakinsu ne, suka koro garken bakin ramin, wai sun zo shayarwa. Gwangwani ɗaya, makiyaya biyu. Nan take kokawa ta kaure.

Dibora ta zabura, har ta ɗaga ƙafa, sai ta danne zuciyarta ta koma ta zauna.

"Ku bari!"

Muryar siririya ce, amma filin ya yi tsit. Ilham ce tsaye, hannu a ƙugu.

"Rijiyata ce. Albarka, kai fara, awakinka ƙanana ne. Rashid, tsaya bayansa."

Suka dubi juna, suka bi. Kafin a jima yara tara sun yi layi, kowa da garkensa, ita tana ɗebo yashi tana zuba musu. Da Ummul Khairi ta fashe da kuka don ba ta da akuya, Ilham ta karɓo mata tsakuwa biyu wajen Rashid, da lallashi.

A haka Wasila ta iso ɗaukarta, ta tarar da rigar 'yarta ta yi buɗu-buɗu. Ta buɗe baki za ta yi faɗa.

"Mama, jira tukuna! Saura mutum uku ba su sha ba."

Wasila ta dafa kafaɗar Dibora, idanunta suka ciko.

"Madam, 'yata ce wannan?"

"Taki ce, Maman Ilham. Zauna ki sha kallo."

Mushe Mahamud yana tsaye a ƙofar ofishinsa, ya ga komai. Washegari da ƙarfe goma shi da kansa ya buga ƙararrawa, azuzuwan makarantar uku duka suka kwararo cikin yashi da ihu.