Taku Bakwai

Tamimu bai taɓa sayen abu a farashin farko ba, kuma yana faɗin haka da irin alfaharin da wasu ke faɗin sau nawa suka je Makka. Shekararsa ashirin da biyu a New York, yana da ɗan shagon jakunkuna da huluna a gefen titin Grand Concourse a unguwarsu ta Bronx, amma har gobe idan ya shiga kantin da aka liƙa wa kowane kaya kuɗinsa sai ya ji kamar an ɗaure masa baki. Don Allah, ba rowa ke damunsa ba. Mutum ne da zai yi rabin awa yana ja-in-ja a kan dala biyu, ya fito ya miƙa wa mabaraci biyar. Abin gado ne. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mma, ta shekara talatin tana sayar da atamfa a kasuwar Kumasi, kuma a gindin teburinta ya girma. Ita ta koya masa cewa idan ka taya kaya mai shi ya ce albarka, kada ka tsaya roƙo. Ka juya baya ka kama hanya a hankali. Mai kayan da ya san ciwon kansa ba ya barin ciniki ya wuce taku bakwai, kafin ka ɗaga ƙafa ta takwas za ka ji an ce, "Zo, kawo."

Yanzu Mma tana kwance a ɗakin ciki, a hawa na biyar, shekara uku ke nan tun da ɓarin jikinta ya shanye. Rukaya, matar Tamimu, tana yini tana kula da tsofaffin wasu don albashi, ta dawo ta kula da surukarta don Allah. Shi kuma yana tsaye a shago daga safe har magariba, ƙafafunsa suna kumbura kamar ƙullin burodi. Gidan ba faɗa, ba kuma dariya sosai. Kowa ya gaji ne kawai.

Sai ga labari daga Ingila. Zuweira, autar Mma, wadda ke aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a can, ta bugo waya tana magana numfashinta na sarƙewa. Tsohuwar ta yanke shawarar shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa, kuma da ita za a tafi. Jirgin zai tsaya a tashar Brooklyn yini ɗaya tak, uwar ɗakinta ta yarda ta fita da safe, amma lallai ta dawo kafin uku da rabi, don jirgi ba ya jiran kowa. Shekara goma sha huɗu rabon da Zuweira ta taɓa hannun uwarta. Da farko takardu suka hana, da takardun suka fito aiki ya hana. Mma ba ta iya sauka ko ƙofar gida, saboda haka dole a ɗauko Zuweira daga tasha a kawo ta Bronx, a kuma mayar da ita a kan lokaci.

Rukaya ba ta yi wata-wata ba. Saura mako biyu ta kira Muniru, wani direba da suke masallaci ɗaya da mijinta.

"Na yi booking ɗin Muniru," ta ce da Tamimu yana cin abinci. "Zai tsaya a gate da sunan Zuweira a kwali, ya kawo ta, ya jira, ya mayar da ita. Dala ɗari biyu da tamanin."

"Ke kuma kika taya nawa?"

"Na ce masa to."

Tamimu ya ajiye cokali kamar an ce masa an yi rasuwa. Nan take ya kira Muniru ya taya ɗari da hamsin. Muniru ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, wannan flat rate ne fa, kuɗi ɗaya ba ragi, da kuɗin gada da na jira duk a ciki. Yini guda zan ba ku." Tamimu ya ce to a bar shi, Allah ya kawo wani cinikin. Ya kashe waya yana jiran Muniru ya sake kira, Muniru kuwa bai kira ba. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya ɗauki darasi, amma hali zanen dutse.

"A port, can tashar jirgin, motoci sun fi mutane yawa," ya ce da matarsa. "Su ke roƙo. Ni zan je da kaina, ki ga ciniki."

Rukaya ta dube shi. Ta yi tsayuwar awa goma a ranar, ba ta da sauran ƙarfin musu. "Kai ka sani, maigida. Uwarka ce, ƙanwarka ce." Ta kwashe kwanuka ta shige kicin.

Ranar da jirgin ya iso, Mma ta sa aka yi mata wanka tun asuba, aka ɗaura mata atamfar da ta ɓoye tun Kumasi, aka jingina ta da matasai tana fuskantar ƙofa. Rukaya ta ɗauki hutun aiki, ta ɗora tuwo da miyar ayoyo. Tamimu ya rufe shago, ya hau jirgin ƙasa na layin D, ya sauka ya hau bas, ya ƙarasa da ƙafa. Jirgin ruwan na tsaye a bakin tasha kamar an kwantar da dogon bene a kan ruwa. A bakin ƙofa direbobin da aka yi alkawari da su sun jera, kowa riƙe da kwali da suna. Tamimu ya wuce su yana tausaya wa waɗanda suka biya kuɗin farko.

Sai sha ɗaya da kwata Zuweira ta fito, saboda layin duba takardu. Ya kusa bai gane ta ba. Yarinyar da ya bari tana tsalle ta zama mace mai furfura a gaban goshi, tana jan jaka cike da tsaraba. Ta rungume shi tana kuka.

"Bra Tamimu, yayana, ina motar? Mu tafi, time ba ya jira."

"Mota ba matsala ba ce kraa, ko kaɗan," in ji shi. "Biyo ni."

Can gefen titi, nesa kaɗan da idon ma'aikata, akwai wasu direbobi da ke tsaye jikin motocinsu suna yi wa masu fitowa magana ƙasa-ƙasa. Tamimu ya nufi wani dogo mai baƙar mota babba, ya fara da Turanci. Mutumin ya kalli hularsa ya ce, "Elhaj, ina kwana?" Ashe Bahaushen Maraɗi ne, sunansa Mahamadou. Zuciyar Tamimu ta yi fari. Ga mota, ga ɗan'uwa, ga wanda ya san yadda ake ciniki.

"Bronx, aller-retour, zuwa da dawowa, da jira, ɗari biyu da ashirin," in ji Mahamadou.

"Haba ɗan'uwa! Jirgin zan saya? Ɗari."

"Albarka."

Rabon da Tamimu ya ji wannan kalma a muhallinta har ya manta. Ta shige shi kamar ruwan sanyi a ranar azumi. Ya gyara tsayuwa, ya ƙara ashirin. Mahamadou ya rage ashirin, ya rantse da tsadar mai da kuɗin gada. Tamimu ya kawo zancen zumunci da tsohuwa marar lafiya. Gajiyar shekaru ta sauka daga kafaɗarsa, ya koma yaron nan na gindin tebur, har murmushi yake. Zuweira tana jan hannun rigarsa.

"Bra, ni zan biya. Don Allah mu shiga."

"Yi shiru, kada ki ɓata mini ciniki. Ɗari da hamsin, magana ta ƙare."

"Albarka, Elhaj. Ɗari da tamanin, wallahi shi ne dernier prix, kuɗin ƙarshe."

Tamimu ya ɗauki jakar Zuweira, ya ƙifta mata ido, ya juya baya. Ya fara tafiya a hankali yana ƙirgawa a zuci. Ɗaya, biyu, uku. A na biyar ya rage sauri. A na bakwai ya kasa kunne. Ba abin da ya ji sai kukan tsuntsayen ruwa da ƙarar tayoyin akwatuna. Ya yi na takwas, ya yi na tara, ya ce wataƙila mutanen Maraɗi tasu ƙidayar ta fi tsawo. A na goma sha biyu ya waiwaya. Wasu Turawa biyar, uba da uwa da 'yan mata, suna shiga motar, uban yana miƙa wa Mahamadou hannu ba tare da ya tambayi komai sau biyu ba.

Mahamadou ya sauke gilashi da ya zo wucewa. Fuskarsa ba mugunta, shi ma gajiya ce a idonsa. "Pardon, Elhaj. Mutum dubu uku suka sauko yau. A nan wanda ya juya baya ya tafi ke nan."

Sauran direbobin ma an kwashe su a cikin wannan ɗan lokaci. Tamimu ya ciro waya ya nemi mota, aka ce minti talatin da biyar, kuɗin kuma ya ninka. Suka jira. Ana saura minti shida direban ya fasa, don titin shiga tashar ya cushe. Unguwar ba jirgin ƙasa kusa. Ya danne kunya ya kira Muniru, Muniru ya ce yana filin jirgin sama da wani fasinja. Suka kama tafiya da ƙafa suna jan jaka a kan titi mai gargada, suna ɗaga wa kowace tasi hannu, kowacce da mutane a ciki. Zuweira ba ta zage shi ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Agogo kawai take dubawa, kuma duk dubawar sai Tamimu ya ji da ma marinsa ta yi. Garin neman gira yana neman rasa ido, ya kuwa sani.

Ɗaya saura kwata suka sami tasi. Mita ce, ba tayi ba ragi, suka shiga. Hanya ta cika maƙil. Suka yi rarrafe a kan babban titi, ruwa a gefe guda, benaye a ɗaya gefen. Zuweira ta jingina kai da gilashi ta rufe ido. Ta ce tun ƙarfe huɗu take tsaye, ta yi wa uwar ɗakinta wanka ta ba ta magani kafin a sake ta. Rukaya ta bugo sau uku. A na ukun ta ce ta roƙi Muniru, ya yarda zai zo ƙofar gida ya mayar da Zuweira, amma biyu da minti ashirin zai tashi, in an wuce haka bai ɗauki alkawarin jirgi ba.

Biyu da minti biyar suka hau bene.

Mma tana nan yadda aka jingina ta, awa takwas tana kallon ƙofa. Zuweira ta saki jaka ta zube a bakin gado, ta cusa fuska a cinyar uwarta. Mma ta ɗora hannunta mai lafiya a kan ɗankwalin 'yarta, tana shafa furfurar nan da yatsa, tana cewa, "Wa ya ba ki izinin tsufa?" Aka yi kuka, aka yi dariya kaɗan. Rukaya ta kawo tuwo, Zuweira ta kai loma biyu ba ta san me take ci ba. Tamimu yana tsaye jikin bango. Awa biyu da rabi ya kamata su samu, ya sani, kowa ma ya sani, ba wanda ya faɗa. Sai wayar Rukaya ta yi ƙara, Muniru ya iso.

"Mma, zan koma. Jirgi zai tashi."

"Yanzu kika zo. Ki ba ni awa ɗaya."

"Ba zai yiwu ba, Mma."

"Rabin awa."

"Minti biyu kawai nake da shi, wallahi."

Mma ta kawar da kai gefe, ta taɓe ɓarin bakin da ke motsi, irin yadda take yi a kasuwa in an yi mata tayin raini. "Albarka," ta ce.

Zuweira ta sumbaci hannunta, ta miƙe, ta fita da baya-baya har ƙofar ɗaki, sannan ta juya. Tamimu ya bi ta da ido a doguwar barandar da ta nufi ƙofar fita. Bai yi niyya ba, amma bakinsa ya kama ƙirga. Huɗu, biyar, shida. Tana sauke ƙafa ta bakwai muryar Mma ta fito daga ɗaki, da ƙarfin da rabon a ji shi tun kafin ciwo.

"Zo, kawo! Na sallama. Kawo minti biyun."

Zuweira ta tsaya cak, kafaɗunta na rawa. Wayar Rukaya ta sake ƙara. Rukaya ta kama hannunta a hankali ta buɗe ƙofa, suka fita, ƙarar takalmansu ta bi matakala tana raguwa.

Tamimu ya koma ɗakin ciki. Ya zauna a inda Zuweira ta durƙusa. Tuwon yana nan a kwano da gurbin loma biyu. Mma tana kallon ƙofa har yanzu, tana kasa kunne.

"Ba ta juyo ba," ta ce. "A na bakwai na kira fa, Tamimu. Ko na makara ne?"

Ya riƙe hannunta mai lafiya. 

"A'a, Mma," ya ce. "Ba ke kika makara ba."