Ba a Rina Akwai

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni cak, ya dire ni a tsohuwar marinar garinmu, wadda tuni aka cike ramukanta aka gina shaguna. Ruwan sama na tsatsowa daga ƙasa yana komawa gajimare, sai na ɗan tattare zanena.

A kaina ga ƙwarya, cike da mijina marigayi Malam. Wato duk abin da na sani nasa: tsawonsa na naɗe kamar tabarma, ga wushiryarsa, ga mitarsa in miya ta huce, ga gyaran muryar nan da yake yi kafin ya shigo gida.

Sarkin marina wani bunsuru ne mai tabarau. Kowane rami da abin da ake rinawa: wannan na tsawo, wancan na haƙuri, na ƙarshe na rowa, kuma can mutane suka fi cika.

Ya ce, "Iya, me za a ƙara masa?"

"Komai ya cika, ranka ya daɗe. Akwai ɗin ne kawai babu. A tsoma mini shi ko sau ɗaya, mu sha fura tare."

Ya gatsi gefen ƙwaryar, ya tauna yana tunani.

"Ina ƙyallen?"

"Wane ƙyalle kuma?"

"Haba Iya, da girmanki! Mu launi muke sawa. Akwai ba launi ba ne, shi ne farin ƙyallen da launi ke hawa. Ke shuni zalla kika kawo."

"To ku sayar mini da ƙyallen mana."

"Masaƙin ba ya sayarwa. Aro yake bayarwa, kuma da kansa yake zuwa karɓa."

Sai ga ni a ɗakinmu na da, kaji suna shara. Kun san ni da kafiya. Na jera Malam a shimfiɗarsa, tsawo a ƙasa, wushirya a sama, na dama fura na ce, "Malam, bisimillah."

Komai na nan daidai, amma ludayi bai motsa ba. Ɗaya bayan ɗaya abubuwan da na jera suka bi ruwan nan suka yi sama. Na damƙe gyaran muryar da hannu biyu, tana mutsu-mutsu kamar ɗan tsako, har ta suɓuce ta faɗa tsakar gida.

Ita ta tashe ni. Ashe ɗana Ilu ne a bakin rijiya yana cika buta, yana gyaran murya. Ban tashi ba. Na yi lamo a kan gado ina jira, har ya sake yi.