Ajin da Aka Kai Rijiya

Mushe Almustafa, kamar yadda ake kiran malami da faransanci, ya daɗe yana roƙon abu guda a kwalejin Tudun Aduwa, kuma ba ƙarin girma ba ne. So yake a bar shi ya fita da ɗalibansa daji su ga yadda ake haƙa rijiya da idonsu. Shi ne malamin lissafi a kwalejin, wadda gwamnati ta buɗe a bakin garin Tawa jim kaɗan bayan samun mulkin kai, kuma shi ke riƙe da ɗaya daga cikin azuzuwa biyu na shekarar ƙarshe. Ɗaya ajin na ƴaƴan ma'aikata ne da manyan ƴan kasuwa, waɗanda suka tashi suna jin faransanci a zaurukan iyayensu. Nasa kuwa yaran karkara ne, daga Affala da tungayen arewa. In aka yi musu tambaya sai sun juya ta cikin hausa a zuci, sun samo amsar, sannan su fara laluben yadda za su faɗe ta da faransanci. Kafin su gama, wani malamin ya wuce kan na gaba.

Da yawansu Almustafa ne ya kawo su. Shi kansa ɗan Affala ne, kuma da suka gama ƙaramar lakkwal, wato makarantar firamare, iyayensu suka so su koma gona, shi ya bi gida gida lokacin hutu yana zama a tabarma yana ba da baki. Akwai wani dattijo, Dodo, da ya fi kowa taurin kai. Sai da Almustafa ya dafa ƙirji ya ce masa in dai ɗansa Ma'azu ya kai ƙarshe, zai zauna birebe, jarrabawar kammala kwaleji, kamar ɗan kowa, ya ci ko ya faɗi da ƙoƙarin kansa. Dodo ya ce, "To, na ba ka shi. Ba lakkwal na ba ba, kai na ba."

Shugaban kwalejin, Mushe Manzo, abokin Almustafa ne tun suna yara. Rana ɗaya dogarai suka kawo su lakkwal, tabarma ɗaya suka kwana a gidan mai masaukinsu, tare suka je makarantar horon malamai. A gaban mutane Almustafa kan ce masa Mushe Darakta, in sun keɓe kuwa Manzo ne kawai. Duk lokacin da ya tayar da zancen fita daji, Manzo kan yi dariya ya ce babu mota, babu lokaci, a bari sai baɗi.

Wata safiya cikin bazara, Manzo da kansa ya tako har bakin ajin, ya yafito shi.

"Ka tuna rijiyar nan taka? Allah ya kawo ta. Ana haƙa wata babba wajen Takanamat, mai siminti. Na samo muku kamiyo, babbar motar kaya, da buhun gero da ɗan abin miya. Jibi za ku tahi, ku kwana biyu can."

"Jibi? Manzo, mi ya samu haka da gaggawa?"

"Mai kamiyon ne ba shi jira. Kai da ka ishe ni da roƙo, yanzu kuma ka tsaya tambaya?"

Almustafa ya kama hannunsa da hannu biyu ya yi ta godiya. Da ya koma gida har ya ce wa matarsa Kaltumi ai abokin ƙuruciya daban ne, ko ya ja maka rai ba ya mantawa da kai.

Tafiyar ta yi daɗi fiye da yadda ya zata. Yaran da ba a jin muryarsu a aji suka cika bayan kamiyo da waƙa. A bakin rijiya suka zura igiya suka auna zurfi, suka kewaya baki da zare, suka yi ta gardama kan yawan ƙasar da aka fitar. Ma'azu, wanda in an kira shi gaban allo yakan tsaya kamar an dasa shi, ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa da tsinke yana yi wa ƴan uwansa bayani, rabi da faransanci rabi da hausa, yana tuntuɓe yana gyarawa. Ba duka ne suka gane ba, wasu ma hankalinsu na kan raƙuman Buzaye da suka zo shan ruwa. Amma Almustafa ya tsaya gefe yana kallonsu, yana ƙiyasta cewa in aka dage a watannin da suka rage, rabinsu za su iya haye jarrabawar. Rabi ba kaɗan ba ne ga yaran da aka ce ba za su iya komai ba.

Da suka dawo Tawa da hantsi, tun daga nesa ya ga kwalejin ta canza. An shafe bango da farar ƙasa, an jera duwatsu masu fenti daga ƙofa har gindin tuta. Yaran suka diro da ƙunshin kayansu suka nufi ajinsu, sai suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Babu benci ko ɗaya a ciki. An jera kantoci da littattafai, an rataya taswirori a inda allo yake, an ɗora tukunyar fure a kan teburinsa.

Mushe Isufu, malamin tarihi, ya fito daga ajin da ke kusa, ya ja shi inuwar bishiyar bedi. Ya kasa haɗa ido da shi.

"Mai duba makarantu ya zo daga Yamai," in ji shi. "Washegarin tahiyarku ya iso. Jiya da marece ya koma."

"Ba wanda ya san da zuwanshi?"

Isufu ya shiga murza alli tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "Darakta ya sani tun watan jiya. Mu ma sai da kuka tashi aka hwaɗa muna."

Sannan ya ba shi sauran labarin. Baƙon ya shiga ajin ƴan gari ya yi musu tambayoyi, suka amsa kamar ruwa. Ya ga ɗakin karatu ya yaba. Da ya tambayi ɗaya ajin, Manzo ya ce ai kwalejin ta ɓullo da sabuwar dabara: yaran karkara da karatun littafi ya yi wa nauyi ba za a wahalar da su da jarrabawa ba, an juya su ga aikin hannu mai amfani ga ƙasa, yanzu haka ma suna Takanamat suna koyon haƙar rijiya. Baƙon ya ji daɗi ƙwarai, ya ce irin tunanin da sabuwar ƙasa ke buƙata ke nan, ya amince nan take a cire su daga masu zama birebe.

"Kuma," Isufu ya rage murya, "Darakta ya ce kai ka kawo shawarar. Baƙon har ya tambayi sunanka, ya ce a gaishe ka."

Almustafa ya waiwaya ya ga yaran zaune a ƙasa a jikin sabon farin bango, suna jiran a gaya musu inda za su zauna. Ya wuce kai tsaye ofishin darakta, ya shiga ba sallama, abin da bai taɓa yi ba.

Manzo na zaune yana shan shayi. Da ya ga fuskarsa ya ajiye kofin.

"Zamna, Almustafa."

"Ba zama ya kawo ni ba. Da bakinka ka ce ni na ce a hidda su?"

"Kai ka roƙi tahiyar ko ba kai ba?"

"Na roƙi in koya musu lissahi a bakin rijiya. Ban roƙi a jefa su ciki ba."

Manzo ya tashi ya rufe ƙofa. Ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya ce a Yamai ana shawarar rage kwalejoji, duk wadda sakamakonta ya yi ƙasa za a rufe ta a kwashe malamanta. In yaran Almustafa suka zauna suka zube, za su ja kowa ƙasa, a rasa kwalejin baki ɗaya, har da ƙannen waɗannan yaran da ke tafe. Ya ce wani lokaci sai an yanke yatsa hannu ke tsira.

"To mi ya hana ka hwaɗa mini haka, ido da ido?"

"Da ka yarda?"

"Da ban yarda ba."

"Ka gani."

Abin da ya fi ci wa Almustafa rai ke nan, yadda Manzo ya faɗi kalmomin nan biyu ba tare da ko ƙifta ido ba. Ashe ya zauna ya auna shi tsaf, ya san abin da zai ƙi da abin da zai yi murna da shi, ya ɗauki na murnar ya yi masa tarko. Wanda bai san shi ba ba zai iya yi masa haka ba.

"Shekararmu ta hwarko a lakkwal," in ji Almustafa, "kai ma ba ka iya haɗa kalma ukku da faransanci. Da an kai ka rijiya rannan, da wa ke zamne kujerar ga?"

Manzo ya ɗauke kai ya dubi taga. "Wancan zamani daban. Ka tahi gida ka huta, ka sha rana."

Bai huta ba. Ya je wurin manyan ilimi na Tawa, aka ce magana ta riga ta wuce Yamai. Ya nemi sauran malamai su haɗa baki su yi ƙorafi, kowa ya ce yana da iyali. Isufu kaɗai ya raka shi sau ɗaya, shi ma daga baya ya fara kauce masa a hanya. Aka ba yaran wata rumfa a bayan makaranta da ƴan fartanya da shebur, aka ce su jira malamin aikin hannu da za a turo. Ba a turo kowa ba. Almustafa ya ci gaba da koya musu lissafi a rumfar, amma yaro ya san karatun da ba inda zai kai shi. Ɗaya bayan ɗaya suka naɗe tabarminsu. Kafin ruwan farko ya sauka rumfar ta zama wurin kwanan awakin maƙwabta.

Wata ranar kasuwa ya hau motar Affala, don ya ga bai kamata Dodo ya ji daga bakin kowa ba sai nasa. Ya makara. Labari ya riga shi isa, kuma a yadda ya isa, Mushe Almustafa ne ya ce ƴaƴan talakawa ba su da kan karatu, har manya suka yaba masa.

Ya sami Dodo a ƙofar gida yana ɗaure ƙotar kalme. Dattijon ya amsa sallama, ya sa aka kawo masa ruwa da fura, ya tambayi iyali. Almustafa ya faɗi yadda abin ya faru tun daga farko, bai rage ba, bai ƙara ba. Dodo ya saurara har ƙarshe yana ta aikinsa.

"Na ji, ɗana," ya ce. "Kila yadda ka hwaɗi haka ne. Ni ban san Manzo ba, ban san na Yamai ba. Wa ya zamna nan inda kake zamne ya dahe ƙirji?"

"Ni ne, Baba."

"To."

Ya ci gaba da ɗaurin ƙotarsa. Ma'azu ya fito daga cikin gida da igiyar jaki a hannu, ya rusuna ya gaida malaminsa da hausa, ya wuce. Almustafa ya bi shi da kallo. Furar ma kasa shanta ya yi, ya kurɓa don kada a ce ya raina, ya yi sallama.

Da sakamakon birebe ya fito, kusan duk waɗanda kwalejin ta gabatar sun ci. Aka faɗi sunanta a rediyo, aka ce ta zama abin koyi. Aka yanka raguna a farfajiya, makaɗa suka zo. Bayan damina aka ɗaga Manzo zuwa wani babban ofishi a Yamai, kuma kafin ya tafi ya aiko Isufu ya gaya wa Almustafa cewa ya ba da sunansa a matsayin wanda zai gaje shi.

Kaltumi ta dube shi tana jiran ta ji. Almustafa ya ce wa Isufu ya koma ya ce ya gode, ba ya so.

Ranar tafiyar, motar da ta ɗauki kayan Manzo ta tsaya a ƙofar gidan Almustafa. Yana ciki yana jin ƙarar injin. Manzo ya yi sallama sau biyu daga waje. Kaltumi ta leƙo ɗaki ta ce, "Malam, ko don zaman tare ka hita." Ya fita. Suka yi musabaha, Almustafa ya yi masa fatan sauka lafiya, ya kira shi Mushe Darakta. Manzo ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai direba ya danna oda, ya juya ya shiga mota.

Almustafa ya ci gaba da koyarwa a kwalejin shekaru masu yawa, ƙarƙashin wani darakta da aka turo daga Damagaram. An ce malami ne nagari, ba ya fashi, ba ya duka. Amma in hutu ya zo aka nemi wanda zai zaga ƙauyuka ya roƙi iyaye su bar yaransu su ci gaba, yakan ce a tura wani. Affala kuwa sai gaisuwar mutuwa ke kai shi, ya yi addu'a ya juyo a ranar.