Babu Wanda Ya Zo Biko

Gwaggo Ɗelu ba ta san dokar sofbol ba, ba ta kuma nemi sani ba. Abin da ta gane shi ne, wata na jefa ƙwallo mai taurin goruba, wata ta maka mata kulki, saura su yi ta gudu kamar an ce gobara. Jikarta Hadiyya ce mai jifan, wannan kuwa ya ishe ta.

Wankan jegon surukarta ne ya kawo ta Kuala Lumpur, korona ta rufe hanya, ta maƙale a saman bene a Wangsa Maju, gidan ɗanta Halliru mai karatun dakta. A lokacin kullen, kocin ƙungiyar yaran ya ce kowace ta riƙa tura bidiyon atisayenta a guruf. Hadiyya ta jingina katifa a bangon falo ta yi ta jifa, Gwaggo na riƙe da waya tana masifar za a fasa musu talabijin. Amma ko sau ɗaya ba ta ajiye wayar ba.

Sai cutar ta shigo gidan. Aka ɗaura musu abin hannu ruwan hoda, alamar an killace su, aka ce ko baranda kada su leƙa. Maitama mai kedai, wato kanti, wanda ke sayar wa ɗalibai garin tuwo da daddawa, shi ke rataye musu tapau, wato ƙunshin abinci, a ƙofa. Kowa ya warke, amma Hadiyya ta tashi da ƙirjin da ba nata ba. Ta hau matakala kaɗan sai haki.

Ranar da aka buɗe fili, koci ya sa yaran zagaye. Hadiyya ta tsaya a rabi ta dafa gwiwa. A gaban kowa ya ce ga wadda ta ƙare kulle a ci da barci. Ya ba wata jifan, ita kuma ya miƙa mata bokiti ta riƙa tsintar ƙwallaye. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo, yarinya na fama da bokiti. Rannan ta dawo ido jawur, ta rubuta a guruf cewa ta daina. Koci ya aiko da hoton babban yatsa, kafin la'asar ya cire ta daga guruf ɗin.

Tun a makon Hadiyya ta so komawa ta ba shi haƙuri. Gwaggo ce ta hana. Ta tsufa tana koyar da kitso a Fagge, ta san yadda ake yi. Yarinya in ta yi zuciya ta jefar da mataji ta tafi, ba ita ke dawo da kanta ba. Uwar ɗaki ke yafa mayafi ta bi ta har gida, ta zage ta tas a gaban uwarta, sannan ta ce tashi mu tafi. Yarinyar da aka bi haka ba ta sake gudu.

"Zauna, ƙawata," in ji Gwaggo. "Zai zo. Ya san hannun da ya rasa."

Bai zo ba. Bai kira ba, bai aiko ba. Katifa ta koma kan gado. Hadiyya ta zama 'yar ɗaka, ta bar tsokanar Gwaggo da zancen haƙoran roba, in an yi mata magana da Hausa ta amsa da kai.

Gwaggo ta ce da Halliru ya je ya ji dalili. Ya ce nan ba Kano ba ne, mai bizar karatu ba ya tayar da rigima. Ta ce dama ta lura karatun nan ba abin da ya ƙara masa sai tsoro. Ran Asabar ta ɗaura takunkumi, ta sa Maitama ya rufe kedai ya kai ta fili ya yi mata tafinta.

Suka tarar da koci a inuwa, usur a wuya, saurayi ne ma, bai kai Halliru ba. Gwaggo ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce a tambaye shi ko ya san yarinyar ta kwanta ciwo. Ta ce a tambaye shi ko akuya ya yi kiwo ta ɓata, ba zai fita nema ba? Ta yi magana mai tsawo, har da uwarsa da ta yi asarar haihuwa. Maitama ya juya ya faɗi kalma uku yana murmushi.

"Kai, Maitama, ni fa ban yi boko ba amma na san tsawon zagi. Faɗa masa yadda na faɗa."

"Gwaggo, a nan zan ci gaba da zama fa."

Koci ya saurara hannu a ƙugu. Ya ce bai san ciwon ya taɓa mata ƙirji ba, ba wanda ya gaya masa. Ya ce tun bayan kulle yara ke ta zarewa, in ya ce zai bi kowacce gida ba zai yi aiki ba. Ita ta ce ta daina, shi kuma ya girmama ra'ayinta. Ƙofa a buɗe take, in ta ga dama ta dawo.

Gwaggo ta ce ra'ayin banza. Yarinyar da ko girkin kirki ba ta iya ba, ta rubuta magana tana kuka, shi ne ra'ayi? Shi da ya ga tana haki, bakinsa ciwo yake da ba zai tambaya ba? Ta ce ya zo gidan. Ya ce ba ya zuwa gidajen yara. Ta ce to ya kira ta. Ya ce ba ya kiran yara su kaɗai, sai ta guruf. Ta ce guruf ɗin da ya kore ta?

Daga nan muryarta ta sauka, abin da Maitama bai taɓa ji ba. Ta ciro wayarta daga lalita ta miƙa.

"Ce masa ya ambaci sunanta kawai a nan. Ya ce Hadiyya, ki zo. Ni zan kai mata."

Koci ya dubi wayar, ya dubi yaran da suka bar wasa suna kallo. Ya ce in ya yi wa ɗaya, sai ya yi wa duka. Ya ɗan rusuna ya ce mata sannu, ya busa usur ya shiga fili.

A mota Maitama ya ba ta shawara ta ce wa yarinyar kocin ya neme ta, wa zai tona? Gwaggo ta ce a kai yarinya ta tarar da bokiti na jiranta, sannan ta san kakarta ma maƙaryaciya ce? Ta ce ya ja mota ya yi mata shiru.

Tana tura ƙofa ta ga Hadiyya zaune a bakin kujera, sanye da rigar ƙungiya, ta ɗaure takalmi tam, jaka a cinya.

"Gwaggo, ya ce in zo?"

"Ya ce ƙofa a buɗe take."

"Amma ya ce in zo?"

Gwaggo ta cire takunkumi, ta ninke shi, ta sake warwarewa. Ta fara cewa ran Litinin za ta nemi wanda ke sama da shi, ai kowa da ubangidansa, sai ta ga abin da zai ture...

"Ba komai lah, Gwaggo," in ji Hadiyya, da salon maganar 'yan garin.

Ta sunkuya ta fara kwance igiyar takalmin.