Dabinon da Ba a Aurar Ba

Munira na tsaye a gindin dabinon tsakar gida, waya a kunne, idonta na kan furen da ya tsage can sama, fari sol.

"Na bar aikin," in ji mijinta Sagiru daga ƙasar Larabawa. Muryarsa ta dushe. "Ejan da ya kawo ni ya ce tuƙi zan yi, sai ga ni wata goma sha huɗu ina kwashe kashin raƙuma. Da ƙyar na karɓo fasfona. Yanzu na koma bizar yawon buɗe ido, ta kwana talatin, kafin in samu wani aikin."

"Baban Hindatu, me ya rage ba ka gani ba? Dabino ya yi fure. Ka dawo."

"In dawo da me? Rabin unguwa suka raka ni tashar Dutse. Da jakar da na tafi da ita zan shigo musu?"

Ta sake duban furen. Duk shekara shi ke ɗaura igiya a ƙugu ya hau, ya sa furen namiji cikin na mace ya ɗaure. Auren dabino ke nan; in ba a yi ba, 'ya'yan ba sa yin kirki. Daga can sama ya fara hango ta tana shanya a gidansu na maƙwabta, ya jefo mata dabino uku. "Kai, mai leƙen gidan mutane!" ta ce a lokacin. Amma ta tsince su.

* * *

"An ce Alhajinmu ya zama ɗan yawon shaƙatawa," in ji Laraba maƙwabciya, tana dariya a bakin zaure. "Ki faɗa masa ni ba na son atamfa, turare da agogo nake jira."

Munira ta yi murmushin dole.

Baba Nata'ala, surukinta, yana zaune kan buzu yana murza tsohuwar igiyar. Gwiwoyinsa sun daina hawa tuntuni.

"Baba, ko a kira Barau mai hawan dabino ya hau? Furen ba zai jira ba."

"A'a, 'yata. Ranar sunan Sagiru na dasa bishiyar nan. In wani ya hau, kamar mun fid da rai ke nan. Ki ce masa ya zo ko da riga ɗaya ce a jikinsa."

* * *

A rana ta ashirin da tara ta bizar, Sagiru ya kira da hantsi.

"Gobe za ta ƙare. Mu goma sha ɗaya ne a ɗaki, duk haka suka fara. In ta ƙare sai ɓuya."

"Baba ya ce ko da riga ɗaya."

"Baba ne ya ce. Sauran mutane fa?" Ya ja numfashi. "Munira, har yanzu tattabaru na sauka a kan bishiyar da la'asar?"

"Suna sauka."

"Ɗauko min hotonta."

Ta ɗauka, ta tura. Wayar ta nuna ya buɗe hoton. Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

* * *

Dabinon ya yi 'ya'ya, ƙanana, marasa ƙwallo, suna zubowa tun suna kore. Kullum da safe Munira ta share su ta zuba wa awaki. Igiyar tana nan rataye a gindin bishiyar, inda Baba ya ɗaura ta daidai ƙugun mutum.